Yadda ake tiyatar gyaran goshi domin fuska ta yi laushin siffar mace

Ɗalibin likitanci a Damagaram da ya taɓa ganin ɗan kabu-kabun da ƙashin goshinsa ya lotsa sakamakon haɗari, ya riga ya san wurin da ake wannan aiki. Bambancin shi ne, a nan galibi ana yin tiyatar ne ga mutanen da aka haifa da siffar namiji amma suke rayuwa a matsayin mata, kuma abin da ake nema shi ne rage tudun ƙashin da ke saman gira. Likitan da ya tsara hanyoyin aikin shi ne Douglas Ousterhout na San Faransisko a Amurka, wanda a shekarar 1987 ya kasa goshin mutane zuwa iri uku, kowanne da hanyar gyaransa.

Kafin wuƙa ta taɓa fata, a ɗauki hoton sikana, domin a bayan wannan tudu akwai kogon iska da ke haɗe da hanci, kuma kaurin ƙashin da ya rufe shi ne ke zaɓa wa likita hanya. Bayan an sa majiyyaci barci, sai a tsaga fatar kai daga kunne zuwa kunne ta cikin gashi, ko kuma ta bakin gashi idan ana son rage faɗin goshin, a ɗago ta har zuwa gira, ana kiyaye jijiyoyin da ke fitowa ta saman kwarmin ido.

Idan kogon ƙarami ne ko babu shi, goge ƙashin da inji ya wadatar. Idan tudun bai yi yawa ba, ana ɗan gogewa sannan a cike kwarin da ke samansa. Amma mafi yawan mutane hanya ta uku suke buƙata, kuma a nan ne ake gane gwani: a yanke bangon gaba na kogon, a fito da shi, a gyara shi, a mayar da shi ɗan ciki, a ɗaure da ƙananan faranti da sukurori na ƙarfen titaniyom. Mai goga ya lura da launin ƙashi, domin da zarar ya fara yin shuɗi-shuɗi, to ya yi siriri kuma kogon na dab da hudewa. A ganina, babban laifi shi ne likita ya nace wa goga saboda ta fi sauƙi, alhali hoto ya nuna masa akasin haka. Haka kuma dole a bar hanyar da ke zubar da majina daga kogon zuwa hanci a buɗe, in ba haka ba majinar za ta taru ta zama ƙulli bayan shekaru.

Bayan aiki, idanu kan kumbura, fatar kai kuma ta yi watanni ba a jin taɓawa sosai. A hana majiyyaci fyace hanci na wasu makonni, wanda hakan ke da wuya a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura da mura suka cika gari.