Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Maɓallan Gajeriyar Hanya Suka Yi Karo a Manhajar Fayiloli

Idan ka danna Ctrl+Shift+N don buɗe sabuwar folda amma ba abin da ya faru, kada ka yi saurin zargin manhajar fayilolin. Kafin dannawa ta iso wurin File Explorer na Windows, ko Dolphin na teburin KDE ko Thunar na teburin Xfce a Linux, sai ta bi ta hannun maɓallin Fn, sannan tsarin kwamfutar, sannan tsarin allon rubutu. Duk wanda ya riga kama ta shi ke cinye ta, don haka daga sama ake fara bincike.

Mafi sauƙin ganewa shi ne F2. Aikinsa sauya sunan fayil, amma a kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa an ɗora masa wani aiki, kamar rage sauti. A danna Fn tare da F2. A yawancin Dell da Lenovo, Fn+Esc na kulle wannan sau ɗaya a huta.

Wanda ya fi shafar masu rubutun Hausa kuwa shi ne sauya allon rubutu. Mutum ya ƙara tsarin Hausa don samun ɓ da ɗ da ƙ, sai ya bar Ctrl+Shift a matsayin maɓallin sauyawa. A Linux mai amfani da X11, wato tsarin da ke kula da nuni da maɓallai, sauyin na faruwa ne da zarar an danne maɓallan biyu, kafin yatsa ya kai ga N, shi ya sa Ctrl+Shift+N ke mutuwa gaba ɗaya. A Windows ba ya mutuwa, amma idan hannu ya saki kafin harafi na uku, allon ya sauya ba da sani ba. Maganin duka ɗaya ne: a koma ga maɓallin Windows tare da Space, wanda shi ne na asali a teburin GNOME na Linux. A Windows 11, don kashe Ctrl+Shift ana bi ta Settings, Time & language, Typing, Advanced keyboard settings, Input language hot keys, sai a zaɓi Not Assigned.

Akwai wani tarko a nan da ba kowa ke lura da shi ba. Windows na ɗaukar AltGr, wato Alt na dama, tamkar Ctrl da Alt a haɗe. Shi kuma gurbin Shortcut key da ke cikin Properties na gunkin manhaja, Ctrl+Alt yake liƙa wa duk harafin da aka ba shi. Wanda ya ba wata manhaja harafin K, alhali allonsa na fitar da ƙ da AltGr, yana iya ganin manhajar ta buɗe masa yana tsakiyar rubuta sunan fayil. A goge gurbin ya koma None, ko a ba shi lamba maimakon harafi.

Ctrl+D ya fi kowanne haɗari, domin sabo ne ke jawo shi. A burauza da manhajar fayilolin GNOME yana ajiye wuri ne a jerin alamomi. A File Explorer kuwa yana jefa abin da aka zaɓa cikin kwandon shara. Ctrl+Z na dawo da shi idan a cikin kwamfutar yake, amma fayil ɗin filasha ba ya bi ta kwandon, tafiyarsa ke nan. Wanda ya taso daga Mac ma haka: a Finder, Return sauya suna yake yi, a Windows buɗewa.

A Dolphin, idan aka ba ayyuka biyu maɓalli guda, manhajar kan fito da gargaɗi ta ƙi yin ko ɗaya. A shiga Configure Keyboard Shortcuts, a nemo maɓallin, a cire shi daga ɗayan. In babu gargaɗi kuma maɓallin bai yi aiki ba, to na tsarin KDE ne ya kama shi, sai a duba Shortcuts a cikin System Settings.

Masu Thunar na yin kuskure biyu da fayil ɗin ~/.config/Thunar/accels.scm, inda Thunar ke ajiye maɓallansa. Na farko, su gyara layi su bar alamar ";" a farkonsa, wadda ke sa a tsallake layin. Na biyu, su gyara shi Thunar na aiki a ɓoye, sai ya sake rubuta fayil ɗin ya shafe gyaran. A fara rufe shi da umarnin thunar -q, sannan a gyara. Tun daga Xfce 4.18 na Disamban 2022 ma ba sai an taɓa fayil ɗin ba, akwai shafin maɓallai a cikin Preferences, kuma shi muka fi ba da shawarar a bi.