Babi na 4: Abin da Ya Narke da Abin da Ya Kwanta

Darasi na 1: Gishiri da yashi

Ku samo tambulan biyu, irin wanda ake hango abin da ke ciki. Ku zuba ruwa mai tsabta rabi-rabi. A na farko ku sa gishiri ƙaramin cokali 1, a na biyu yashi cokali 1. Ku juya kowanne kuna ƙirga daga 1 zuwa 30.

To, yanzu ku cire cokalin, ku ajiye tambulan, ku ɗauke hannu. A nan ne akasarin ɗalibai ke tuntuɓe. Da sun gama juyawa sai su ce, "Malam, duka sun narke." Ba su narke duka ba. Muddin ruwa yana motsi, yana riƙe da yashin a sama, ido kuwa sai ya ruɗe. Ku jira minti 10. Kada ku ɗaga don ku leƙa, kada ku girgiza, kada ku ja teburin. Wanda ya taɓa, ba komai, kowa ya taɓa yin haka, sai ya sake ƙirga mintin daga farko.

Bayan minti 10, ku sunkuya ku duba gindin tambulan, hannu a baya. Yashi ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya fara washewa. Na gishiri kuwa garau yake, babu komai a ƙasa. Gishirin yana nan, ku ɗanɗana ku ji. Ya rarrabu ne ƙanana ƙwarai har ido ba ya gani, kuma ko an tace da ƙyalle tare da ruwan zai wuce. Wannan shi ne narkewa. Yashi kuwa ƙyalle zai tare shi. Amma narkewa na da iyaka: ruwa mililita 100 ba ya ɗaukar gishiri fiye da kimanin giram 36, sauran sai ya zauna a ƙasa.

Na sake faɗa, don na san halinku: a juya, a ajiye, a ɗauke hannu. Haba jama'a, minti 10 ne fa kacal! Kullum sai na kama wani babban mutum yana kaɗa tambulan kamar yaro.

Darasi na 2: Madara

Ku ɗiga madara ɗigo 5 a ruwa, ku juya, ku ajiye, ku ɗauke hannu. Ba za ta kwanta kamar yashi ba, ruwan kuma ba zai yi garau ba. Ƙananan ɗigon maiƙo ne ke yawo a ciki, sun fi na gishiri girma, ba su kai yashi ba. Irin wannan gaurayen ana ce masa koloyid, sunan da Thomas Graham ya sa masa a 1861.

Ku shiga ɗaki mai duhu, ku haska tocila ta gefen tambulan. A ruwan madara za ku ga hanyar hasken, a ruwan gishiri ba za ku gani ba. Haka fitilar mota ke yi cikin hazo.

Darasi na 3: Maganin ruwa

In an rubuta a kwalba a girgiza kafin a sha, maganin irin mai kwanciya ne. Nan kam ku girgiza sosai, sannan ku auna.