Yadda Zaka Karanta Taswirar Duwatsun Alps Kafin Ka Shiga

In zaka hau duwatsun Alps ta ɓangaren Suwizalan, nemi taswirar Swisstopo, hukumar zana taswira ta ƙasar, mai ma'aunin 1:25,000, wato santimita 4 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Fara da layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tsayi, a Alps bambancin tsayi tsakanin layi da layi mita 20 ne, in ka ga sun matse da juna to wallahi gangare ne mai tsanani kar ka bi nan. Launin layukan ma magana yake, ruwan ƙasa na nufin turɓaya, baƙi dutse, shuɗi kuma tulin ƙanƙara.

Kogi fa? Inda layukan suka yi kamar harafin V, tsinin yana kallon inda ruwan ya fito ne. Gwada da kogin Rhône, bi shi sama har ƙanƙarar da ke kusa da mashigin Furka.

Duba shekarar da aka buga taswirar tukuna, ƙanƙarar nan ja da baya take yi, inda tsohuwar taswira ta nuna ƙanƙara zaka iya tarar da tafki. Tsallake rafi kuma da sassafe ake yi, don da rana ta yi zafi ƙanƙara ta narke ruwa sai ya ƙaru sosai zuwa la'asar, gashi fari fat kamar madara baka ganin duwatsun da ke ƙasa.