Yadda za ku kai ƙarar 'yan kalare ba tare da kes ɗin ya mutu a hanya ba

Kullum sai ka ji ana cewa an kama yaran kalare, wato 'yan daban Gombe, jiya, yau ga su a majalisa suna shan rake. Toh ba ko yaushe ne cin hanci ba fa, sau da yawa mu ne muke kashe kes ɗin da kanmu, a kama yaro da gariyo, makamin saran nan, a hannu amma ranar kotu ko mutum ɗaya ba zai fito ya ce na gani ba, alhali doka ta ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin awa 24, ko 48 in kotu na nesa. DPO ya yi yaya?

In abin na faruwa, kira 112 ko lambar DPO ɗin yankinku, ka nemo ta tun yau ka ajiye. Kar ka ce "ana sara a Bolari" ka kashe waya, unguwar Bolari ai kamar gari ce guda. Faɗi masallacin da ke kusa ko transfoma ko mai shayi, sannan ka faɗi ta ina mota za ta shigo, don Hilux ba ta shiga lungunanmu, kafin su zagayo yaran sun bi ta kwari sun ɓulla wata unguwa.

Sai maganar suna kuma. Yaran nan duk da laƙabi aka san su, ɗan sandan da aka kawo daga wata jiha watan jiya ina zai san waye wannan? Ku da kuka san gidan ubansa ku ne za ku faɗa.

Wanda aka sara, wani ya wuce da shi asibiti tukuna, wani ya je caji ofis ya karɓo fom ɗin likita, a ɗauki hoton raunin kafin a ɗinke. In waya aka ƙwace ku nemo kwalinta, lambar IMEI da ake gane wayar da ita na jiki.

Babban abin dai kar mutum ɗaya ya je shi kaɗai, wallahi tsoron nan gaskiya ne, gobe da yaron za su haɗu a hanyar masallacin asuba. Ku je ku biyar ko shida da mai unguwa da shugaban 'yan banga, kowa ya ba da sitatimen, ku karɓi sunan IPO, wato ɗan sandan da ke binciken kes ɗin, da lambarsa. Washegari za a fara zarya, uwar yaron da kuka, kawunsa da "a yi haƙuri a kashe maganar a gida", wani lokacin har waya daga wani babba da yaran suka yi wa kamfen, tun zaɓen 2003 Gombe ta san wannan wayar. Nan ne za ku rubuta takardar koke zuwa ga kwamishinan 'yan sanda, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Ranar zaman kotu ku haɗa kuɗin Keke tun dare.