Kurakuran da aka fi yi wajen yarda da manhajojin ƙirƙirarriyar basira

Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, ta fito a Nuwamban 2022 nake ganin sababbin hannu suna afkawa rami ɗaya. Duk wanda ya faɗa sai ya ce manhaja ta yaudare shi, alhali sau da yawa yardarsa ce ta kai shi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar daɗin baki a matsayin sani. An horar da manhajojin nan ne a kan tulin rubuce-rubuce don su yi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa ko sun sani ko ba su sani ba, da murya ɗaya suke magana, babu gargada, babu inda-inda. Mu kuwa mun saba auna ilimin mutum da yadda magana ke zubo masa.

Wannan ramin ni ma na faɗa shi. Ina haɗa wata muƙala, kusan mako biyu ina tambayar wata manhaja, duk abin da na bincika sai na tarar daidai ne, har na daina bincikawa. Da na nemi madogara, ta kawo mini sunan littafi da marubuci da shekara, har da lambar shafi. Na kwafa na saka. Ranar gabatarwa wani dattijo a sahun gaba ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce, "Malam, a ina ka ga littafin nan?" Kwana uku na yi ina nema. Babu shi, ba a ma taɓa rubuta shi ba. Amsoshi masu kyau na mako biyun nan su suka sa na saki jiki, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Yanzu duk suna, ko adadi, ko kwanan wata, ko maganar da aka jingina wa wani, ina ja masa layi da jan biro, kuma ba ya shiga aikina sai na gan shi da idona a asalinsa.

Kuskure na biyu: tambayar manhajar ko ta tabbata. A 2023 wasu lauyoyi a New York sun shigar da takarda kotu a wata ƙara da aka kai kamfanin jiragen sama na Avianca, ɗauke da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ta ƙaga. Ɗayansu ya ma tambaye ta ko na gaske ne, ta ce masa e. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Haba jama'a! Wanda ake tuhuma za a sa ya yi wa kansa shaida? Ga shi kuma manhajojin nan suna da halin bin ra'ayin mai tambaya, har a Afrilun 2025 sai da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ya janye wani sabuntawa na GPT-4o, ɗaya daga cikin nau'o'in ChatGPT, saboda yawan yabon mutane da gasgata su. Idan ka ce mata, "Ai haka ne ko?" ka riga ka ɗora mata amsa a baki. Ku daina! Ni sabon shafin hira nake buɗewa, in yi tambayar ba tare da nuna inda na karkata ba, sannan in ce ta kawo mini hujjar da ta fi ƙarfi a kan akasin ra'ayina.

Sauran ƙanana ne. Ilimin manhaja yana da ranar da ya tsaya, labarin jiya a neme shi a wani wuri. Kada a zuba mata sirrin mutane. Masu cewa sun yi hannun riga da ita don ta yi kuskure sau ɗaya su ma sun zarce, domin wajen gyara jimla ko taƙaita takardar da ka riga ka karanta tana da amfani sosai. Maganar magani da adadin da za a sha kuwa, a kai wa likita.