Darasi na Tara: Gyaran Tsohon Hoto da Kwalinsa

Tsohon hoto mai kwali abu biyu ne a haɗe: siririyar takardar da hoton yake kai, da kuma kwalin da aka manna ta a jiki. Daga shekarar 1850 zuwa wajen 1890, yawancin hotuna da farin ƙwai da sinadarin azurfa ake yin fuskarsu. Takardar ba ta da kauri ko kaɗan, in aka bar ta ita kaɗai sai ta nannaɗe kamar tabarma, shi ya sa masu hoto suke manna ta a kwali. Saboda haka kada ka yi yunƙurin ɓamɓaro hoton daga kwalinsa. Sau da yawa ma sunan mai ɗaukar hoton da garinsa suna jikin kwalin, kuma da su ake gane shekarun hoton.

Kafin ka taɓa komai, wanke hannu da sabulu, ka bari ya bushe sarai, kada ka shafa mai. Shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ka tallabo kwalin da hannu biyu ta gefe. Tsohon kwali akwai tsami a cikinsa, wanda ke fitowa daga itacen da aka yi shi da shi, kuma shi ne ke sa ya yi ja ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye. In ka ɗaga shi ta kusurwa ɗaya, kusurwar za ta iya zama a hannunka.

Aikin farko shi ne kwafi. A ɗauki hoton gaba da baya da na'urar sikana, a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, ko da kyamarar waya a wuri mai haske ba tare da filashi ba. Duk wani goge tabo ko cike inda ya ɓace, a kan wannan kwafin ake yinsa a kwamfuta.

Sai ka karkata hoton ta wajen haske ka duba fuskarsa. In ka ga tana ɗaɗɗagowa ko tana zubar da ɓarɓashi, tsaya nan, ko burushi kada ya taɓa ta. In kuwa lafiya take, share ƙurar da burushi mai laushi sosai, daga tsakiya zuwa gefe. Ban da ruwa, ban da yawu, ban da tsumma. Fuskar hoton farin ƙwai cike take da ƙananan tsage-tsage, ruwa kuma ƙara buɗe su yake yi. Wani sheƙi mai shuɗi-shuɗi da ake gani a wuraren duhu azurfar ce ta taso sama, ba datti ba ne, gogewa sai dai ta karce shi. Haka ɗige-ɗigen ja-ja da danshi ke kawowa, ba sa fita da gogewa.

Kwalin ne kaɗai ake gogewa. A samu farar robar goge fensir, a gurza ta ta zama gari, a barbaɗa a inda babu hoto babu rubutu, a mulmula da yatsa a hankali. Idan garin ya yi baƙi, a share shi da burushi zuwa waje, kada ya bi ta kan hoton.

Yanzu batun karaya, inda aka fi yin ɓarna. Salatif shi ne babban abokin gaban hoto: bayan 'yan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Gam na kanti da laminatin duk tafiyarsu ɗaya, ba a iya warware su. Masu sana'ar gyaran tsofaffin hotuna da kunun sitacin alkama suke mannawa, domin ko bayan shekaru ɗan danshi kaɗan yana sake shi. Ana dama awo 1 na sitaci da awo 5 na tataccen ruwa, a ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa kamar minti 20, har ya yi kauri ya washe. In ya huce a tace shi, a sassauta shi da ɗan ruwa. Kwana biyu zuwa uku ya lalace, don haka kaɗan ake yi.

A kife kwalin a kan takarda mai tsabta, a haɗa bakin karayar daidai. A yago siririyar takardar Japan (wata takarda mai ƙarfi mai dogayen zare a jikinta) da hannu, faɗin santimita 1 ko ɗan fi, kada a yanka da almakashi, don gashin bakin yagar shi ke kama kwalin. A shafa mata kunun siriri, a ɗora a bayan karayar. A rufe da ƙyallen foliyesta wanda ba ya mannewa, sai takarda mai shan ruwa, sai gilashi da ɗan abu mai nauyi. A canja takardar shan ruwan bayan 'yan mintoci, a bar shi ya kwana. In kunun ya yi ruwa da yawa, kwalin zai kumbura ya bar zanen ruwa. Idan kuwa karayar ta ratsa cikin hoton kansa, ko ya manne da gilashin firam, ko funfuna ta kama shi, wannan aikin ƙwararre ne. Kai dai ka ɗora shi a kan wani kwali marar tsami ka ajiye.

Wurin ajiya ya zama mai sanyi da duhu, danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Da ya haura 65, funfuna ta samu gida, kyankyaso da gara kuma su biyo baya. Kowane hoto a sa shi a ambulansa na takarda marar tsami, a cire kilif da robar ɗauri, a ɗora akwatin a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa. Sunayen mutanen da ke cikin hoton a rubuta su a jikin ambulan da fensir, kafin a saka hoton a ciki.