Yadda ake sayen ƙaramin gidan haya ba tare da an sayi rigima ba

Idan kuɗinka ya kai na gida mai ciki da falo huɗu ko shida, fara da zaɓen unguwa. Ni dai a Kano ba na kallon inda babu ma'aikata ko ɗalibai a kusa. Kabuga da Rijiyar Zaki suna cin albarkacin Jami'ar Bayero, ɗaki ba ya daɗewa a rufe. Ka je duba gidan a watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba, ka ga inda rufi ke yoyo da inda ruwa ke kwanciya a ƙofar gida.

Wurin takarda ne sababbin shiga ke faɗuwa. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wani ma ya taya, ka ajiye kafin alƙalami yau." Kada ka ba da ko sisi. Shi la'adarsa yake hange. Fara tambaya ko gidan gado ne. In na gado ne, babban wa ba shi da ikon sallama maka shi kaɗai, ko da shi ke karɓar haya shekara da shekaru. Nemi takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu, har 'yan'uwa matan da ke aure a wani gari. Su ake mantawa da su, kuma haƙƙinsu ne. Na ga wanda ya gama fenti, ya zuba 'yan haya, sannan sammaci ya iso.

Daga nan kai lambar takardar mallaka KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar Kano, a duba sunan da ke kanta, da ko an jinginar da gidan a banki. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallakar ke komawa hannunka. Shaidar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan. Kuɗin lauya zai yi maka ciwo, ka daure ka biya.

Sauran mai sauƙi ne. Kowane ɗan haya da mitarsa ta wuta, in ba haka ba kullum kana rabon faɗa. A kwashe sokawe kafin kowa ya tare. Yarjejeniya a rubuce, haya ta shekara, sannan ka riƙa ware hayar wata biyu don gyaran rufi da famfo.